KEKE DA ALHERIN MUTANEN HANYA

Abin da matafiyi kan tarar a hanyoyin Minna, da abin da ke neman ɓata shi

HAUSAWA sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma fa tafiya suna ta tara. Wanda ya shiga jirgin sama daga Ikko ya sauka Kano, iyakar abin da ya sani game da ƙasar da ke tsakani shi ne gajimare. Wanda ya shiga mota ya ɗan fi shi, don ko ba kome ya ga itatuwa suna wucewa, ya kuma sayi gasasshiyar masara ta taga. To, mutumin da ya ɗaure 'yan kayansa a kariyar keke, ya tasam ma tafiyar ɗaruruwan mil da ƙarfin cinyarsa, shi ne zai iya ba da labarin mutanen ƙasa, domin kuwa tilas ya tsaya a ƙofar gidajensu, ya sha ruwan randarsu, ya kwana a zaurensu.

Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a kan keke, in aka tambaye shi abin da ya fi tunawa, da wuya ya fara da tsawon hanya ko zafin rana. Galibi da mutane zai fara: tsohuwar da ta miƙo masa kunu, mai facin da ya ƙi karɓar kuɗinsa, limamin da ya shimfiɗa masa tabarma bai ko san sunansa ba. Mota da fetur take tafiya, keke kuwa da alherin mutanen hanya. Birnin Minna, hedkwatar Jihar Neja, da hanyoyin da suka fita daga cikinsa, wuri ne mai kyau na duba wannan al'amari, saboda gari ne da baƙi suka gina, kuma ƙasa ce da a shekarun nan tsoro ya shige ta har yana neman hana mutane buɗe wa baƙo ƙofa.

ABIN DA KEKE BA YA IYA ƊAUKA

Bari mai karatu ya ɗauki hanyar Minna zuwa Bida, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 85. Direba, in hanya da kyau, zai iya karya kumallo a Minna ya isa Bida tun hantsi bai dubi ludayi ba. Mai keke da kaya kuwa, wannan tafiyar yini ce cur. Zai bar Kpakungu da asuba, ya wuce Gidan Kwano inda jami'ar fasaha take, ya wuce Garatu, ya ratsa Kataeregi da tsakar rana, sa'an nan in Allah ya taimake shi ya shiga Bida kafin magariba. Cikin watan Maris da Afrilu zafin wannan yanki yakan kusa kai digiri 40, ga hawa ga gangara, ga manyan motoci suna bulbulo masa ƙura.

A irin wannan yini mutum yakan sha ruwa fiye da yadda zai iya ɗauka. Kowace lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma duk abin da aka ɗora wa keke cinya ce za ta biya. Saboda haka ko ya so ko bai so ba, sai jarkarsa ta ƙare a tsakanin ƙauyuka, sai ya sauka ya yi sallama ya roƙi ruwa. Haka nan abinci. Haka nan gyara: ƙaya ta soki taya, sarƙa ta tsinke, birki ya saki, sholishon da ya yi guzuri ya bushe. Mai mota yana da ƙofa da gilashi da zai rufe kansa ciki ya jira taimako. Mai keke ba shi da katanga ko ɗaya tsakaninsa da jama'a, kowa yana ganin fuskarsa, yana ganin guminsa, yana ganin iyakar abin da ya mallaka a ɗaure a bayansa.

Wannan rashin katanga shi ne rauninsa, kuma shi ne ke jawo masa tausayi. Manomin da ke bakin hanya bai san abin da zai yi wa mai marsandi ba, amma keke ya san shi, don shi ma da shi yake zuwa gona, da shi yake kai doya kasuwar Paiko ko ta Beji. Ya san ciwon da hawan tudu kan sa wa gwiwa. In ya ga baƙo ya tsaya yana haki, ɗan'uwansa ya gani.

GARIN DA BAƘI SUKA GINA

Asalin Minna ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma a kan duwatsun da ke kewaye da garin suka fara zama. Abin da ya mai da wurin birni shi ne jirgin ƙasa. Cikin shekarar 1907 Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, ya kuwa kai Kano cikin 1911, kuma ta Minna ya bi. Daga baya layin da ya taso daga Ikko ya zo ya haɗe da shi a nan, garin ya zama mahaɗa. Leburori da akawuna da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa: Hausawa, Nufawa, Yarbawa, Ibo, da sauran kabilu. Sunayen unguwannin ma sun isa shaida, ga Limawa, ga Maƙera, ga Kwangila, ga Sabon Gari, ga Ƙetaren Gwari.

A Minna aka haifi shahararren marubucin nan Cyprian Ekwensi cikin 1921, haka kuma Ben Okri cikin 1959, dukansu kuwa iyayensu daga Kudu suka zo. Zungeru, wadda ba ta da nisa daga Minna, ita ce ta zama hedkwatar Turawa ta Arewa daga 1902 kafin a koma Kaduna, kuma a can aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe cikin 1904, da Odumegwu Ojukwu cikin 1933. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja cikin watan Fabrairu na 1976 aka mai da Minna hedkwata, sai wani sabon ayarin baƙi ya sake shigowa, watau ma'aikatan gwamnati da iyalansu.

Garin da kusan kowane gida yake iya tuna ranar da kakansa ya sauka a tasha da akwati a ka, bai san kowa ba, har wani ya ba shi wurin kwana, ba abin mamaki ba ne in ya iya karɓar baƙo. Ga shi kuma Jihar Neja ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa, ta kuma zauna a tsakanin Kudu da Arewa. Mai tafiya daga Ikko ko Ibadan ta ƙasa, in ya haye gadar Jebba ya iso Mokwa, ko dai ya miƙe ta Tegina, ko ya karkata ta Bida, daga nan ya nufi Minna ko Suleja. Ko ta ina ya bi, kwanaki zai yi yana cin abincin mutanen Neja.

AL'ADAR TANA DA TUSHE

Kada a ɗauka wannan karamci sa'a ce kawai matafiyi kan yi ya gamu da mutumin kirki. Tsari ne tsoho, wanda ya girmi keke, ya girmi jirgin ƙasa. Tun zamanin fatake, lokacin da ayari kan tashi daga Kano da jakuna a ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara ya nufi Gwanja neman goro, kowane gari da ke kan hanya yana da zango a bayan ganuwa, inda ayari zai sauke kaya, ya sami ruwa da abinci da harawar dabbobi. Akwai sarkin zango, akwai mai masauki wanda yake karɓar baƙo, ya ajiye masa kayansa, ya tsaya masa in rigima ta taso. Wannan tsari ne Hausawa suka tafi da shi duk inda fatauci ya kai su, shi ya sa har yau ake da Sabo a Ibadan da Shagamu, ake da Zango a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana, kuma Bahaushen da ya sauka a can bai san kowa ba, wurin Sarkin Hausawa ake fara kai shi.

Haka nan alhazan da suka riƙa zuwa Makka a ƙasa kafin jirgin sama ya yawaita. Wasu sukan yi shekaru a hanya, suna ratsa Barno da Chadi da Sudan, suna noma a wannan gari su yi ɗinki a wancan, kuma da yawansu can suka zauna, zuriyarsu tana ƙasar Sudan har gobe. Babu wanda ya taɓa ɗaukar guzurin shekara uku a ka. Mutanen hanya ne suka ciyad da su.

Addini kuma ya ƙarfafa abin. A Musulunci, matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutane takwas da aka halatta wa zakka, ko da kuwa mai arziki ne a garinsu, kuma malamai suna karantar da cewa baƙo yana da haƙƙin liyafa har kwana uku. Kiristoci ma suna da labarin Basamariyen nan da ya tsaya ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanya, alhali ba kabilarsu ɗaya ba. Bahaushe kuwa ya taƙaita zancen, ya ce baƙonka annabinka. Ya kuma ce baƙo raɓa ne, watau da safe za a neme shi a rasa, saboda haka ɗan abin da zai ci ba zai talauta kowa ba.

YADDA AKE SAUKAR BAƘO

A ƙauyukan da al'adar ba ta lalace ba, abin yana da matakai, kuma matafiyi mai hankali ya san su. Yakan yi ƙoƙari ya shiga gari tun da sauran rana, don baƙon dare abin tsoro ne ko a zamanin lafiya. Yakan sauka daga kan keke tun daga bakin gari ya turo shi, don shiga tsakiyar dattawa a kan sirdi rashin ladabi ne. Sa'an nan ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe su: "Baba, barkanku da yamma. Baƙo ne, dare ya yi mini."

Abu na farko da za a yi shi ne a aiki yaro ya kawo ruwa. Sai ya sha ya huta, sa'an nan a tambaye shi, "Samari, daga ina? Ina kuma aka nufa?" In ya faɗi sunan garin da ya fito, a yi ta salati ana duban keken, wani ya matsa taya, wani ya kaɗa ƙararrawa. Daga nan a haɗa shi da wanda zai kai shi wurin mai unguwa ko dagaci, domin baƙo ba na mutum ɗaya ba ne, na gari ne, kuma shugaban gari ne zai ce ga inda zai kwana, ko zauren gidansa, ko shagon samari, ko harabar masallaci, ko ajin makarantar firamare. Keken ma akan shigar da shi ciki.

Bayan sallar isha sai kwanuka su fara fitowa daga gidaje. Matan da suka dafa abincin ba za su ga fuskar baƙon ba, shi ma ba zai gan su ba, sai dai yaro ya ajiye kwano ya ce, "In ji Inna." A ƙasar Gbagyi sakwara ce ko dafaffiyar doya, a ƙasar Nufe tuwon shinkafa da kifi, a rugar Fulani fura da nono. In gidan ba su da kome sai ɗumame, shi za a kawo, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Da safe kuma akwai abin da ya fi abinci amfani, watau labarin hanya. Su za su gaya masa inda gada ta karye, inda rijiya take, inda mai faci yake zama, da dajin da ba a ratsawa bayan la'asar. Sau da yawa sukan ce, in ka isa gari kaza ka nemi wane, ka ce daga wurinmu kake. A zamanin nan ma har lambar waya akan ba shi, a kuma buga wa na gaba a ce ga baƙo nan tafe. Da haka matafiyi yakan yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu kamar saƙo, kowane gari ya damƙa shi ga na gaba. A ƙarshe yara su yi masa rakiya da gudu har bayan gari.

Shi ma baƙo akwai abin da ke kansa. Ba ya leƙa cikin gida, ba ya ɗaukar hoton kowa sai da izini, ba ya raina abin da aka kawo masa, ba ya zarce kwanakin baƙunta. Miƙa wa mai gida kuɗi a bainar jama'a kamar an kwana a otal yana iya zama cin fuska. Goro, ko sabulu, ko ɗan abin da za a ba yara, sun fi dacewa, sa'an nan da addu'a.

WAƊANDA SUKA GWADA SUKA GANI

Ɗan Nijeriya na farko da ya yi suna a doguwar tafiyar keke shi ne Olabisi Ajala. Cikin shekarar 1952, yana ɗalibi a Amurka, ya hau keke daga birnin Shikago zuwa Los Anjelis, tafiyar mil 2,280, cikin kwana 28, sanye da kayan gida, yana tsayawa a garuruwa yana yi wa mutane bayanin ƙasarsa. Wannan kuwa a zamanin da wariyar launin fata take da ƙarfi a can. Daga baya ya zaga ƙasashe da yawa a kan babur, har sunansa ya zama karin magana a bakin Yarbawa, duk mai yawan yawo sai su ce masa Ajala. Ya rasu a Ikko cikin 1999.

A kan hanyoyin Jihar Neja kuwa, labarin da jama'a suka fi tunawa na mai tafiyar ƙasa ne, amma darasin ɗaya ne. Cikin watan Afrilu na 2015 wani matashi mai suna Sulaiman Hashimu ya tako daga Ikko zuwa Abuja don cika alkawarin da ya yi in Janar Muhammadu Buhari ya ci zaɓe. Ya bi ta Jebba da Bida da Suleja, ya shiga Abuja ran 20 ga wata. Kamar yadda ya shaida wa manema labarai, akwai dararen da a rugar Fulani ya kwana, kuma a kusa da Mokwa ya yi kiciɓis da 'yan fashi, sai aka yi dace ɗaya daga cikinsu ya taɓa ganinsa a Jebba, maimakon su cuce shi, sai ma ya ba shi Naira 200 ya sayi ruwa. Jama'a, ashe ko a zuciyar ɗan fashi akwai ɗan gurbin da matafiyi kan samu!

Sa'an nan ga Aliyu Abdullahi Bala, wanda ya bar Jos a kan keke cikin watan Fabrairu na 2021 da niyyar zuwa Makka, ya ratsa Chadi da Sudan kamar yadda alhazan da suka gabata suka yi, bai isa ƙasa mai tsarki ba sai cikin Disamba na 2022. Kowa ya san babu kariyar keken da za ta ɗauki abincin wata 22.

Labarin da ya fi nuna yadda alherin baƙi kan kai mutum inda ƙafarsa ta kasa shi ne na Mamadou Safayou Barry, wani matashi ɗan ƙasar Gini mai shekara 25. Yana son ya yi karatu a Jami'ar Azhar ta Masar, ba shi da kuɗin jirgi, sai ya sayi keke ya kama hanya cikin watan Mayu na 2023. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Binin da Nijar, tafiyar kimanin kilomita 4,000, aka tsare shi sau uku a hanya, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo. Da ya iso Chadi bayan wata huɗu sai hanya ta toshe, domin yaƙi ya ɓarke a Sudan tun watan Afrilu. A nan wani ɗan jarida ya yi hira da shi ya watsa labarin, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka haɗa kuɗi suka saya masa tikitin jirgi. Ya sauka Alƙahira ran 5 ga Satumba, jami'ar kuma ta karɓe shi ta ɗauki nauyin karatunsa. A cikin tafiya guda ya ga fuska biyu ta hanya: masu tsare shi don suna zarginsa, da masu tura shi gaba don sun ji tausayinsa.

TSORO YA SHIGO GARI

Fuskar nan ta farko, watau zargi, ita ce take neman rinjaye a sassa da dama na Jihar Neja, kuma ba a banza ba. Cikin watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati da ke Kagara suka kwashe ɗalibai da malamai. Ran 30 ga Mayu na wannan shekara suka shiga Tegina suka tafi da yara fiye da 100 na makarantar Islamiyya ta Salihu Tanko, ba su dawo gida ba sai ƙarshen watan Agusta. Ƙauyuka da yawa a ƙananan hukumomin Rafi da Shiroro da Munya da Mariga sun sha hari, mutanensu da dama sun gudo Minna da Kuta da Gwada neman mafaka. Waɗanda a da suke saukar baƙi, su ne suka zama baƙi a zauren wasu.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutanen karkara sun ga yadda akan turo ɗan leƙen asiri da siffar mai talla ko mai neman aiki, ya kwana a gari ya ƙidaya shanu da hanyoyi, bayan kwana biyu a ji harbi. To, in yau baƙo ya ɓullo da keke da jaka da wayar ɗaukar hoto, yana tambayar sunan ƙauye da nisan daji, ina laifin wanda gabansa ya faɗi? A wurare da yawa yanzu 'yan banga ne ke fara tarbar baƙo a bakin gari, kafin yaro mai kawo ruwa.

Amma fa akwai iyaka tsakanin taka-tsantsan da zalunci, kuma ƙasar nan ta ga abin da kan faru in aka ƙetare ta. Cikin watan Agusta na 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba ta Jos, suna komawa Jihar Ondo daga Bauchi, aka kashe fiye da 20. Cikin watan Maris na 2025 aka tare wasu mafarauta a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin salla a gida, aka zarge su da satar mutane, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Waɗannan a mota suke, suna da yawa. Ina ga mutum ɗaya tilo a kan keke, wanda ba ya iya gudu, ba ya jin harshen garin?

Abin lura kuma shi ne, tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Mai doguwar tafiya a keke a yau ba lalle ne ya zama Bature mai yawon buɗe ido ko mai neman suna ba. Yana iya zama ɗan ci-rani mai komawa gida noma, ko almajiri, ko magidancin da zai je gaisuwar mutuwa a garin da kuɗin motarsa ya fi ƙarfinsa. Su ne za su fi shan wuya in zaure ya rufe.

A HAƊA HANKALI DA ALHERI

Tsohon tsarin nan na kakanni, in aka duba shi da kyau, ya riga ya tanadi maganin wannan matsala. Ai ba a taɓa cewa a shigar da baƙo cikin gida ido rufe ba. Cewa aka yi a ba shi ruwa, a tambaye shi, a kai shi gaban mai unguwa, a kwantar da shi a zaure inda idon kowa yake kansa. Wannan karamci ne, kuma tsaro ne a lokaci guda. Baƙon kirki ya sami wurin kwana, mugu kuma ya san an gan shi, an san fuskarsa. In akwai shakka, ga ofishin 'yan sanda, ga hakimi, ga wayar da za a buga garin da ya ce ya fito a tabbatar. Abin da babu shi a al'ada ko a addini shi ne a yi wa mutum ihu a taru a kansa.

Shi kuma mai niyyar irin wannan tafiya, rigakafi ya fi magani. Ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, ya nemi takarda daga mai unguwarsu ko ƙaramar hukumarsu mai bayyana ko shi wane ne da inda za shi. In ya shigo Minna ya tambayi direbobin tasha da masu faci halin da kowace hanya take ciki a ranar, don labarin makon jiya ba ya amfani, kuma matambayi ba ya ɓata. In suka ce kada ya bi ta wuri kaza, ya ɗora kekensa a mota ya wuce wurin, ba abin kunya ba ne. Kada ya yi tafiyar dare, kada ya kwana a daji shi kaɗai, kuma duk garin da ya shiga ya fara kai kansa wurin shugabanni kafin a zo nemansa.

Sarakuna da hakimai da limamai da shugabannin coci su ma da nasu aikin, watau su riƙa tuna wa 'yan banga da matasa cewa tsare gari bai hana ba mai ƙishirwa ruwa ba. Hukuma kuwa ita ce da babban kaso, domin muddin hanya ba ta da lafiya, da wuya a ga laifin talakan da ya kulle ƙofarsa.

Mutanen Neja suna da 'ya'ya a Ikko da Onica da Kano da Kumasi, kowannensu kuwa baƙo ne a wurin wasu, kuma akwai ranar da zai tsaya a ƙofar da bai sani ba yana neman ruwa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.